Akuyar Takarda

A can wani zamani an yi wata yarinya gwanar zane. Rannan ta zana wa kakanta akuyarsa a jikin kati, kowa ya yaba. Sai ta tuna kakan ba ya gani.

"Kada ki ɓata shi," in ji yayarta.

Amma ta ɗauki almakashi. Ta yanka, ta lanƙwasa, ta manna da ƙaro, akuya ta faɗi. Ta sake lanƙwasawa, ta sake mannawa, har in an buɗe katin sai akuya ta miƙe tsaye.

Ta miƙa wa tsohon. Ya shafa, ya shafa.

Can ya ƙyalƙyale da dariya. "Amarya, wa ya shigo mini da akuyata ɗaki?"

Sai a sannan ta sauke ajiyar zuciya.