Kukan da Babu Shi a Fim

Jakar Baba ce ta fara gangarowa daga bene, bakinta ya buɗe, kwalaben magani suka watse. Sai sandarsa ta biyo baya.

Auta ta durƙusa tana tsince su. Can sama Yaya, babban wanta, ya tokare ƙofa da kafaɗa, yana rantsuwa in dai yana numfashi mutumin nan ba zai kwana gida ɗaya da Mama ba. Baba kuwa na zaune a matakala, ya rame har wuyan riga na zame masa, sai tari yake. Tun Auta tana firamare ya sa ƙafa ya bar su, sai yau da safe ya dawo da ciwo.

Mama tana daga ciki, ta juyo musu kunnenta na hagu wanda ba ya ji. Haka take yi in ba ta son magana.

Ana cikin haka Dogo ya shigo, mai gyaran talabijin, abokin Yaya tun suna yawo da gajeren wando, wanda saura wata guda a ɗaura musu aure da Auta. Da ta gan shi sai ta ji sanyi a ranta. Ta ce masa ya yi wa abokinsa magana, in kuma ya ƙi, to, ɗakin baƙi na sabon gidansu ai ya ishi Baba.

Dogo ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai.

"Ki bi maganar Yayanki, Autata."

"Har da kai?"

"Ba a gidana ba... ki yi haƙuri."

Ta juya masa baya. Ta kama Baba ta haura da shi, ta ture hannun Yaya, ta kwantar da shi a doguwar kujerar falo. Yaya ya daɗe yana kallonta, idonsa jawur, sannan ya zari makullin babur ɗinsa ya fice.

Da la'asar ta nufi shagon Dogo, zoben alkawarinsu dunƙule a tafinta. Wanda ba zai ɗauki ubanta ba, ba zai ɗauke ta ba.

Ta same shi tsakanin matattun talabijin da warin dalma, ya jona wata tsohuwar na'urar kaset ɗin bidiyo. Bai kalli hannunta ba. Ya ce ta zauna tukuna, akwai kyautar da yake haɗa mata ta aure, gara ta gani kafin ta yanke masa hukunci. Kaset ɗin gidan su Auta ne, Yaya ya ba shi ya juya mata a waya.

Kiɗan farko kawai ta ji, ta gane shi. Fim ɗinta ne. Jarumi mai rigar azurfa, wanda ke tashi sama ya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Tana ƙarama babu ranar da Yaya bai sa mata shi ba, ya zaunar da ita dab da akwatin talabijin, ya ƙure murya har tagogi na rawa. Ta sha gaya wa Dogo ba a taɓa yin fim kamarsa ba, ba kuma za a yi ba.

Jarumin ya fito. Auta ta ƙanƙance ido.

Rigar ta roba ce, ta yi masa kaɗan, tumbinsa ya turo ta. Da ya tashi sama, ga igiya nan baƙa ƙirin a bayansa, ko ɓoye ta ba su yi ba. Dogayen benayen da yake ceto kwali ne, ɗaya har yana rangaji. Mugun fim ɗin ya kama shi, maimakon ya gama da shi sai ya tsaya yi masa dogon surutu har jarumin ya kwance kansa.

"Wannan ai ko keke da ƙyar zai hau," in ji Dogo, "balle iska."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Ta ce amma ya bari, akwai wurin da ba wasa, inda jarumin ke fasa ƙofar gidan mugu. Nan ne ake jin faranti na tarwatsewa, wata mata tana kuka tana roƙo. Har yau in ta tuna kukan tsigar jikinta tashi take.

Wurin ya zo. Jarumin ya fasa ƙofa. Ɗakin babu kowa sai mugun da kyanwarsa. Babu faranti, babu mata.

Ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta ce lallai an yanke wurin. Ya ce kaset ɗin nan tun da aka saye shi ba a taɓa buɗe cikinsa ba.

"Me matar take cewa?" ya tambaye ta a hankali.

"Cewa take, 'Ka rufa mini asiri, yara na ji...'"

Ta tsaya. Mutanen fim ɗin duk yaren waje suke yi, ko kalma ɗaya ba ta fahimta a lokacin. Matar kuwa da yarensu take kuka.

Sai a zuciyarta ta ga hannun Yaya a kan maɓallin murya, siririn hannun yaro, yana murɗawa yana murɗawa. Ta ga yadda yake zama bayansa jingine da ƙofar ɗaki, bai taɓa kallon fim ɗin ba. Ta tuna kunnen Mama, wanda aka ce mata zazzaɓi ne ya kashe shi.

"Ka sani," ta ce.

Ya ce bango ɗaya ya raba gidajensu, a unguwar duk wanda ya ji kiɗan fim ɗin nan ya san abin da ake ciki. Yaya ya sa shi rantsuwa ba zai faɗa mata ba, ya ce a bar ko mutum ɗaya a gidan ya tashi da uba a zuciyarsa.

"Ban faɗa miki ba," ya ce. "Fim kawai na kunna."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta buɗe tafinta, zoben ya yi mata shaida a fata saboda matsa. Dogo ya ɗauka ya mayar mata a yatsa, ba ta hana shi ba. A bayansu jarumin na ta shawagi a kan igiyarsa.

"Ka kira mini Yaya," ta ce. "Ka ce masa... ka dai ce masa na kalla."

Yana laluben waya inuwa ta rufe ƙofar shagon. Wata mata ce da ba su taɓa gani ba, hannunta ɗaure a wuya, leɓenta da sabon ɗinki. Ta dubi Auta sama da ƙasa, ta ce maƙwabta ne suka kwatanta mata nan.

"Ni ce matar babanki ta can. Ba ciwo ne ya koro shi ba, 'yan sanda ke nemansa." Ta gyara hannun, ta cije leɓe. "Wa kika bari a gida tare da shi?"