Murfin Da Aka Shafe Da Siminti

Ni ba gwanar magana ba ce, amma abin da ya faru a gidan Yayata ya hana ni sukuni. Gara in rubuta shi.

Mijin Yaya aikinsa duba bututun ƙazanta na ƙarƙashin titi. Yakan ɗaga murfin ƙarfe ya sauka da tocila, igiya a ƙugu, ko ya zura kyamara ya kalli ciki. In ya dawo, Yaya takan toshe hanci ta ce, "Maigida, wanka tukuna, gaisuwa daga baya." 'Ya'yansu biyu su yi ta dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya juyo gare ni, da sunan da yake tsokanata da shi, ya ce, "Shiru-shiru, wata rana sai kin nemi izini kafin ki shiga falona."

Ashe ya je wajen wani boka neman dukiya. Yadda suka yi, daga bakin mijin Yaya na ji daga baya. Ya ce ɗakin ba taga. Bango ya yi baƙi da hayaƙi, ƙahonni a rataye, ga wata 'yar tukunya an ɗaure bakinta da jar fata, tana zufa kamar mai zazzaɓi. Boka ya yanka baƙin zakara ya ɗiga mata jini, jinin ya ɓace nan take.

"Abin da ke ciki duhu yake so da danshi," in ji boka. "Ajiye ta cikin bututun da ruwan gidanka ke bi. Muddin bututun na lafiya, dukiya za ta bi ka. Ranar da ya tsage, abin zai hau ya ci wanda ya samu a gidan."

"In na cire tsohon bututun na sa sabo fa?"

"Sa wanda ka ga dama, ɗana."

"Ba za ka canza magana ba?"

"Ni ba na canzawa. Bututu ke canzawa."

Ya fito yana ganin ya yi wa boka wayo, don ya san abin da ke kashe bututu. Ya sa sabo na kankare mai kauri, ya ajiye tukunyar a ciki. Ya sare bishiyoyin layinmu kada saiwa ta shiga ta mahaɗa. Ya kafa ƙarfe a bakin layi don kada manyan motoci su danne ƙasa. Ya hana Yaya zuba maiƙo a wurin wanke-wanke. Sai tsoro ya kama shi kada wani ma'aikaci ya sauka ya ga tukunyar. Ya shafe murafan layin duka da siminti, ya toshe kafofin iska.

Dukiya ta zo kamar da wasa. Kwangila kan kwangila, bene a kan gidan, motoci a ƙofa. Amma ba ya iya zama minti biyar. Yana cikin cin abinci sai ya tashi ya shiga banɗaki, ya kara kunne a ƙasa.

A shekara ta huɗu, wani dattijo da ya koya masa aiki ya zo da la'asar, ko zama bai yi ba.

"Kai, wa ya shafe murafan layinku?"

"Ni ne, Baba. Wari ke damun mutane."

"Wari? Kai da na raina a cikin rami? Kuɗi sun mantar da kai? Iskar ƙazanta in ba ta samu hanyar fita ba, sama take taruwa, ta haɗu da danshi ta cinye kankare. Ba inda ruwa ke bi ne ke fara ruɓewa ba, rufin ne!"

Mijin Yaya ya fita ba takalmi, da guduma a hannu. Ya fasa simintin ya zura kyamara. Ina tsaye a bayansu. Rufin bututun ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar toka, tsaga ta ratsa shi. Tukunyar na kwance, bakinta a buɗe.

A makon nan babbar 'yarsu ta shiga wanka, ba ta fito da rai ba. Ko ciwon kai ba ta yi ba. Kwana tara, auta ta bi ta. Nan mijin Yaya ya fara sambatu, yana faɗin komai a tsakar gida, har ya yage rigarsa.

Na kama hannun Yaya na ce, "Don Allah mu tafi wajen Inna."

Ta ce, "Ke tafi, ƙanwata. In na fita, wa zai share ɗakin yarana?"

Ta tura ni waje ta rufe ƙofa. Da hantsi maƙwabta suka sami gawarta kusa da famfo.

Yanzu benen ya karkata, ƙasa ta zafta a ƙarƙashinsa, ba mai son ko bi ta gabansa. Shi kuma yana yawo da kwanon siminti, hannayensa duk sun tsattsage, yana liƙe kowace tsaga da ya gani a bangon mutane.

Duk mai kwaɗayin da ke ganin iliminsa zai kuɓutar da shi daga sharaɗin boka, ya ji tsoron Allah. Mijin Yaya ya fi kowa sanin aikinsa, kuma mutum uku muka binne.