Shatin Yatsu a Bayan Ɗan Lele

Ɗakin ajiyar kaya ba shi da taga, sai 'yar kafa a ƙasan ƙofa, ta nan Shiru take jiyo kukan yaron da aka hana ta taɓawa. Marainiya ce, a gidan kawunta ta tashi, ƙarancin maganarta ya jawo mata wannan suna. Ita ke rainon Ɗan Lele, ɗan Kawu, har ranar da aka ga shatin yatsu baƙi ƙirin a bayansa, wani wurin ya yi bororo kamar ƙuna.

"Ga hannunki nan ɓaro-ɓaro, muguwa," in ji Anti, matar Kawu, tana jan ta a ƙasa.

"Wallahi Anti, ko tsawa ban taɓa yi masa ba..."

"Au, ashe bakin yana buɗewa?"

Aka rufe ta tsakanin buhuna da tsofaffin kujeru. Ba duhun ne ya fi ci mata rai ba, sai yadda Kawu, wanda ya ɗauko ta ranar rasuwar mahaifiyarta, ya daina kallon fuskarta. Tana kulle ɗin ma wani shatin ya fito a cinyar yaron, Anti ta rantse cewa yarinyar ta san dabarar buɗe ƙofa. Allah sarki! Shiru ta kifa goshi a kan buhu tana hawaye: "Ya Allah, Kai kaɗai ne shaidata..."

Ta bayan ƙofa Kawu ya ce, "Za mu asibiti. In likita ta ce cutar da shi aka yi, ki nemi wani gidan." Ita kuwa ba ta da wani gida a duniya.

Aka buɗe ta, suka tafi su duka. Likitar fata ta haska bayan yaron da fitila, ta danna tabon da yatsa. Ɗan Lele ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ba duka ba ne, ba kuma wuta ba," in ji ta. "Wa ke taɓa lemun tsami a gidanku? Ruwansa in ya taɓa fata rana ta doke ta, haka yake ƙona ta, ya bar siffar hannun da ya shafa shi."

Anti ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Kullum da safe takan goge su da lemun tsami don su yi haske, sannan ta ɗauki yaron ba riga ta fita da shi shan hantsi.

"Baiwar Allah, mu ga hannun mana, ba cinye shi zan yi ba," in ji likitar.

Ga irin tabon nan a tsakanin yatsunta. Kawu ya kamo tafinta ya ɗora a kan shatin, ya zauna daram. Ya ɗora na Shiru, ko rabi bai rufe ba.

"Kin ga wannan a jikinki, kika bar 'yar ƙanwata a kulle?" Kawu ya miƙa wa Anti hannu. "Ba ni mukullan. Ki wuce gidanku sai na neme ki."

Shiru ba ta ko dubi Anti ba. Ta karɓi yaron da ke miƙo mata hannu, ta ce a hankali, "Likita... zai goge?"

"Zai goge, 'yata. Ki shafa masa wannan man, ki kare shi daga rana."

Suna isa gida Kawu ya ɗauko guduma, yana share ido da hannun riga, ya cire ƙofar ɗakin ajiyar gaba ɗaya.