Ɗakin da Aka Yanka wa Inna a Korido

Man shafawa na kai wa Inna ranar, na gwiwa, da fulas ɗin shayi. Rana ta kusa faɗuwa na sauka daga mota a bakin layin, na ƙarasa da ƙafa. Raina a ɓace yake tun kafin in isa, domin gidan nan na Auta ko daga nesa na hango shi sai na ji zuciyata tana tafasa.

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Ranar da ya kawo zanen gidan yana ta washe baki, ni kaɗai na ce, "Ina ɗakin Inna?" Ya nuna min a saman bene. Na ce, "Matar da sai ta dafa bango take tsallake dokin ƙofa za ka ɗora a bene? Ka rage falon nan, ka fitar mata da ɗaki a ƙasa, da banɗakinta, da ƙofa mai faɗi. Yanzu a takarda yake, gogewa kawai za a yi." Matarsa ta taɓe baki ta ce ai falo shi ne mutuncin gida. Shi kuwa gogan sai cewa ya yi, "Yaya, in kin tashi gina naki sai ki yi yadda kike so." Ni aka gaya wa haka, ni da na goya shi har bayana ya yi kanta.

Aka gina, aka tare, aka yi ta ɗaukar hoto a falo. Ba a daɗe ba gwiwoyin Inna suka ƙi gaba ɗaya, likita ya ce sai keken guragu. Na ce ta dawo wurina, ta ce ba za ta zauna gidan suruki ba alhali tana da ɗa namiji. Nan idon Auta ya raina fata, amma ko da wasa bai taɓa falon ba. Akwai dogon korido da ya miƙe tun daga ƙofar gaba har ƙofar baya. Sai ya sa aka toshe ƙofar bayan da bulo, aka datse ƙarshen koridon da bango, aka ce wai ga ɗakin Inna. Ba taga, sai 'yar kafa can sama. Ƙofar ɗakin kuwa ko keken ba ta ci, sai an naɗe shi a waje an cicciɓi tsohuwa kamar buhu.

Akwai wani abu da na gani tun wurin yana fili. Wata siririyar hanya ta ratsa tsakiyarsa, a goge tas, ko tsinken ciyawa ba ya fitowa a kanta. Daga wani duhun bishiyoyi ta taso, ta ƙare a wani tsohon rami, kuma ban taɓa ganin mai bin ta ba. Koridon a kanta ya kwanta. Farkon tarewarsu matar Auta ta sha yin mita, wai da magariba ƙofar gaba da ta baya suna buɗe kansu. Aka ce iska ce.

Na yi sallama na shiga. Auta yana kishingiɗe a falo yana danna waya.

"Yaya, an zo duba gini ne?"

"Uwata na zo dubawa. Ta ci abinci?"

"An kai mata." Ya miƙe yana hamma. "Don Allah kada ki tayar mana da hankali yau, na gaji."

Ya haye bene wurin matarsa, na ji sun turo ƙofa. Na bi matakalar da harara, na nufi korido.

Duhu ne a ciki. Makunnin fitilar ya faɗa cikin ɗakin Inna lokacin da aka datse wurin, don haka sai lalube. Warin ɗanyen siminti ya doki hancina, alhali bangon ya daɗe da bushewa. A ƙarƙashinsa akwai wani warin, na jiƙaƙƙiyar toka. Na wuce keken da aka jingine a naɗe, na tura ƙofa, na kunna fitila.

Inna tana can ƙuryar gado a takure. Gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa ta haɗe su da ƙirjinta, ta rungume. Ga abincin a ƙasa, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Inna, lafiya? Miƙe ƙafar mana, kin san ba a so ki..."

"Yi a hankali," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ke 'yar nan, kin zo a lokacinsu."

"Su wa?"

"Masu wucewa. Suna shigowa, ba sa samun fita."

Na zauna bakin gadon. Hannunta sanyi ƙalau. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun ranar da aka kwantar da ita a nan. Na ce ta gaya wa Auta? Ta ce ta gaya masa, ya ce ƙwayar likita ce take sa ta gane-gane. Ni kuma ta ɓoye min, don kada mu sake yin faɗa da shi.

Wallahi ji na yi kamar in hau benen nan in shaƙe shi.

Aka fara kiran salla daga nesa. Kafin ladan ya kai ƙarshe na ji ƙofar gaba ta yi ƙara, ƙiiii, a hankali. Da hannuna na sa mata sakata lokacin da na shigo.

Sai tafiya.

Tafin ƙafa ne ba takalmi, a jiƙe, yana mannewa da tayil yana ɓallewa. Ɗaya. Sai wani a bayansa. Sai na kasa rarrabewa, koridon ya cika da su.

Fitilar ta dushe ta koma ja. Ƙofar ɗakin ta buɗe har bango, kuma ba kowa a bakinta.

Sanyi ya goge ni a kafaɗa, ya wuce. Wani ya taka min ɗan yatsa. Katifar ta lotsa a gefena, ta sake lotsawa a gaba. Ɗakin ya cika maƙil, idona bai ga ko inuwa ba, amma numfashi nake ji ta ko'ina, a wuyana, a kunnena. Iska ta ƙare.

Aka daki bangon da aka toshe. Da tafin hannu, tim. Garin filasta ya zubo kan zanin gado.

"Ku yi haƙuri," in ji Inna. "Yaro ne. Bai sani ba."

Abin da ya amsa mata ba daga baki ɗaya ya fito ba. Kamar yashi ake zubawa a kwano.

"Kullum haƙuri."

Na buɗe baki in kira Auta. Na ji maƙogwarona yana aiki, amma sauti bai fita ba.

"Yau babu," in ji muryar nan mai kama da yashi.

Gadon ya motsa. Ƙafafunsa na ƙarfe suka ja tayil da wani irin kuka. Aka ja shi baya, da mu a kai, har bakin ƙofa. Sannan aka tura.

Ya daki bangon. Kan Inna ya gwaru da ƙarfen gadon, fulas ya faɗi ya tarwatse. Na gane abin da suke yi. Da gadon za su fasa hanyarsu, kuma ita ce a gaba.

Aka sake ja baya.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na juya mata baya, na fizgo hannayenta na sarƙe a wuyana, na yunƙura. Ba ta da nauyi, ƙashi ne kawai. Ina dirowa gadon ya tafi ba mu, ya daki bangon har ƙasa ta girgiza.

Na kutsa cikin ƙofar, gwiwarta ta bugi katako ta yi ƙara. Keken ya faɗo ya tare hanya, na tsallake shi.

Su shigowa suke yi, ni fita. Kamar mai keta kasuwa ranar cika, sai dai kowace kafaɗa ƙanƙara ce. Ana ture ni baya. Ina karatu a zuci, ayar tana kakkarye min, ina sake ɗaukowa daga farko.

Aka riƙe ƙafar Inna.

Na ji an ja ta daga bayana. Hannayenta suka fara zamewa daga wuyana.

"Sake ni, 'yar nan," ta raɗa min. "Ki tafi."

Na dantse hannun rigarta da haƙorana. Na durƙusa, na ci gaba da rarrafe. Tayil ɗin a jiƙe yake, yana ƙona tafin hannuna da sanyi.

Aka saki.

Muka zube a falo, kan shimfiɗar nan mai tsada. Sai a lokacin muryata ta dawo, na kurma ihun da ban taɓa yin irinsa ba.

Auta ya sauko a fusace. "Haba Yaya! Wane irin hauka ne wannan a gidan mutane?"

Bai rufe baki ba aka sake dukan bangon can ciki, har hotunan falon suka faɗo. Ya haska koridon da wayarsa. Ba kowa. Sai gadon ƙarfe yana ja da baya shi kaɗai, a hankali, yana gyara tsayuwa.

Wayar ta faɗi daga hannunsa.

A daren na tafi da Inna gidana. Gari na wayewa Auta ya kira magina suka rushe bulon da ya toshe ƙofar baya, suka cire bangon da ya datse koridon. Yanzu da la'asar sakaliya shi da kansa yake buɗe ƙofofin biyu, kowa ya haye sama har a idar da salla. Daga baya kuma ya sa aka fasa falon, aka tsinke wayoyi, aka farfashe tayil, aka fitar da ɗaki mai taga da banɗaki da ƙofa mai faɗi. Ya zo har gida yana roƙona in je in gani. Ban je ba, kuma Inna ba ta taɓa kwana a cikinsa ba.

Ta warke daga ciwon kan. Tana ci, tana salla, ta san jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har tsokanar mijina take yi. Mutum ɗaya ne ya ɓace mata. Na ɗauka zan ji daɗin abin, don na daɗe ina jiran ranar da zan ce wa Auta ai na gaya maka. Ban iya faɗa ba har yau.

Duk mako yana zuwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, ni ne, Autanki." Sai ta janye ƙafafunta, ta haɗe su da ƙirjinta, ta kawar da kai wajen bango.

"Ku yi haƙuri," take ce masa. "Ku wuce."