Agogon Da Ya Makara

Tun ranar da Musaddiq ya kama hayar shagon gyaran rediyo a Dutsen Kura aka gargaɗe shi: kada sha biyun dare ta same shi a ciki, shagon yana da mai shi.

Daren nan yana tsaka da aiki, fanka ta soma jan jiki. Yana ɗagowa ya ga dogon mutum a kansa.

"Kai yaro, uban wa ya ba ka lokacina?"

"Baba, dubi agogo mana. Da saura."

"Agogon lantarki? Bugun wuta yake bi. Yau injinan tashar lantarki sun rage gudu, sun ja maka shi baya."

Muryar tana kugi kamar taransifoma. Musaddiq ya saci kallon ƙofa. Sakatar da ya danna da hannunsa tana nan yadda ya bar ta.