Tafin da Aka Yi wa Malam Jamalu

Jama'ata, barkanku da hutawa. Masu karantawa su wuce ba gaisuwa, ku ma ina ganinku. Yau na zo maku da labari, amma wanda ya zo neman dariya ya rage buri, don na yau ba shi da daɗi.

Ranar Alhamis ce, bayan azahar, aka kira ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma daga wata makarantar kuɗi da ke cikin gari. Ba zan faɗi sunanta ba, kada a ce na kashe wa wani kasuwa. Aka ce malamin adabin Turanci, Malam Jamaluddeen, wanda kowa ke kira Malam Jamalu, ya faɗi a gaban ɗalibansa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Sufeto Rabo aka ba aikin. Dogo ne siriri, maganarsa sai an roƙa. Ya ɗauki Saja Turai suka nufi makarantar.

A babban ɗakin taro suka iske 'yan aji shida sun yi tsuru-tsuru. Ga dandamali, ga labule, ga wani kofin silba a yashe ƙasa.

"Wa zai gaya mani abin da ya faru?" in ji Sufeto.

Wata yarinya mai rawanin kwali a hannu ta taso. Sunanta Hussaina.

"Gwajin wasa muke yi, Yallabai. Malam ya ce Turancin littafi ba ya shiga kai sai an taka shi da ƙafa. Duk littafin da za mu yi a jarrabawa sai mun yi wasansa. Ni ce sarauniya. A ƙarshe sarauniya tana shan guba."

"To me ya kai kofin bakinsa?"

"Kullum shi ke fara nuna mana. Ya ɗauka, ya kwankwaɗe lokaci guda, ya yi maganar sarauniya har ƙarshe. Sai ya riƙe ciki ya durƙusa."

"Sai kuka yi me?"

Yarinyar ta dubi ƙasa.

"Muka yi tafi."

Ku ji fa. Mutum yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, yara na tafi har da fito, suna cewa yau Malam ya ƙure basira. Ya saba faɗuwa a gabansu, ya saba mutuwa ya tashi yana kakkaɓe riga. Sai da suka ga tashin ya ƙi zuwa sannan tafin ya mutu.

Sufeto ya sa hanci kusa da kofin. Ƙarƙashin ƙamshin citta da kanumfari akwai warin fiya-fiya, maganin ƙwarin nan. Ya shinshina jarkar zoɓon da aka zuba daga ciki, lafiya lau. Yara da yawa ma sun sha daga cikinta. Gubar a kofi kaɗai take.

Ana haka wani mutum mai farar shadda ya faɗo ɗakin yana huci. Malam Zubair ke nan, mataimakin shugaban makaranta, mai kula da jarrabawa, kuma mahaifin Hussaina.

"Sufeto, ba Jamalu aka nufa ba. Ɗiyata aka nufa."

"Da me ka sani?"

"Yau Alhamis. Kowa a makarantar nan ya san Jamalu ba ya barin azumin Litinin da Alhamis. In yana azumi, kofin kawai yake kai wa kusa da baki ya miƙa wa yarinya ta sha. Ni ban san abin da ya sa yau ya sha ba. Aminina ne, tare muka tashi a Kurfi."

"Wa ya kawo zoɓon?"

"Batula, 'yar ajinsu. Uwarta ke sayarwa a bakin ƙofa. Kuma ita aka fara ba sarauniya, aka karɓe aka ba Hussaina. Sauran aikinku ne."

Magana ta zauna daram kamar an auna ta. Kafin la'asar Batula tana bayan kanta.

Yarinya ce baƙa, ƙarama, hijabinta duk tawadar biro. Jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, kuma DPO, shugaban ofishin, ya riga ya ce in ba a samu wani abu sabo ba, Litinin za a tura ta Katsina da tuhumar kisa.

"Ke kika zuba zoɓo a kofi?" in ji Saja Turai.

"Ban taɓa kofin ba."

"'Yan ajinku sun gan ki. Ƙarya a nan ba ta da riba, ƙanwata."

Sai hawaye. "Ni na zuba. Na aje a tebur bayan labule, aka kira salla, aka kulle ɗakin muka tafi."

"Makulli fa?"

"A ofishin Malam Zubair ake rataye shi. Kowa na iya ɗauka."

"Kin ji haushin karɓe maki sarauniya?"

"Na ji. Har na daina gaida Hussaina. Amma Malam cewa ya yi muryata ta fi dacewa da mai ba da labari, kuma gaskiyarsa ce." Ta share hanci. "Anti, shi ne ya sa na daina tsoron Turanci. Ni ban ma so aka maida gwajin Alhamis ba, ranar nake taya Inna aiki."

Sufeto, wanda tun ɗazu ya jingina da bango kamar ba ya ji, ya ɗago.

"Da wace rana kuke yi?"

"Laraba. Wannan satin ne aka ce za a yi amfani da ɗakin."

Da ya bincika, ba taron da aka yi ranar Laraba. Ɗakin a kulle ya wuni. Wanda ya ɗage gwajin kuwa Malam Zubair ne. Da aka tambaye shi ya ce masu gyaran fanka ya jira ba su zo ba. To, masu gyara a ƙasar nan, wa zai rantse a kansu? Sufeto ya haɗiye maganar ya yi gaba.

Washegari da safe ya je gidan Malam Zubair don ya sake jin ta bakin Hussaina. Maigidan ya tafi wajen jana'iza. A zaure aka shimfiɗa masu tabarma, Saja Turai na gefe.

"Me likita ya ce da ya duba ki?" in ji Sufeto.

"Ba a kai ni asibiti ba."

"Ko kaɗan ba ki kurɓa ba?"

"Ban sha ba. Malam bai rage komai ba." Ta yi wasa da bakin hijabi. "Kai ne ma na farko da ya tambaye ni."

"Babanki fa?"

"Da ya shigo, ya duba Malam, sai ya ce ina Batula."

Sufeto yana da 'ya mace shi ma. Ya tuna ranar da ta haɗiye kwabo, da gudu ya kai ta asibiti ba takalmi. A ce uba ya yi imani an zuba wa ɗiyarsa guba, ya iske ta tsaye kusa da kofin, bai ce "kin sha?" ba? Amma rashin tambaya ba shaida ba ce a kotu, alƙali zai kore ka da ita. Abin da ya rage shi ne tambayar da kowa ya tsallake: me ya hana Malam Jamalu azumi?

Suka hau motar ofis sai Kurfi.

Gidan makoki cike yake. Aka shigar da su wurin mahaifiyar mamacin, Gwaggo Halimatu, tsohuwa mai carbi, idanunta sun bushe ƙaf.

"Allah ya jiƙansa, Gwaggo. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, ɗana. Ku ne hukuma?"

"Mu ne. An ce Malam ba ya barin azumin Alhamis."

"Da dai. Ni na hana shi."

"Yaushe?"

"Juma'ar da ta wuce. Gyambon ciki ya sa shi gaba, ya zo nan yana murɗe-murɗe. Na ce mashi, Jamalu, azumin nafila ne, in dai ni na haife ka, ka aje shi sai ka warke. Ya ce, Gwaggo, na aje. Ya ma ce kada a gaya wa kowa, kunya yake ji."

"Ku biyu ne kawai a wurin?"

"Da Zubairu. Shi ya kawo shi a mota. Har yana taya ni, yana cewa Gwaggo ƙara mashi, ba ya jin maganar kowa sai taki."

Saja Turai ta dubi Sufeto. Shi bai dubi kowa ba.

"Lafiya suke zaune da Zubairun?"

Tsohuwa ta ja carbi. "Tare suka yi wasan ƙasa. Amma ran nan na ji muryarsu a zaure. Jamalu na cewa shi ba zai rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa ba, ya koya masu, su rubuta abin da suka sani. Ya ce in aka sake yin irin na bara, da ƙafarsa zai tahi Katsina ya faɗa wa hukumar jarrabawa. Zubairu na cewa iyaye sakamako suke so, ba wasan kwaikwayo ba. Na ɗauka faɗan abokai ne."

Ta ɗago ido. "Ɗana, da ban hana shi azumin nan ba, da yana nan?"

Sufeto ya miƙe ya yi mata sallama. Amsar da yake da ita ba ta tsohuwa ba ce: da Malam yana azumi, da yarinya aka binne.

Bai yi kamu a gidan makoki ba. Ya bari sai Asabar da hantsi, ya aika a kira Malam Zubair ofis, wai ya zo ya sa hannu a kan ƙarar Batula. Mutumin ya zo da saurinsa, har da biro a aljihu.

"Zauna, Malam. Ka ce ba ka san abin da ya sa marigayi ya sha ba."

"Haka na ce."

"Jiya na gaida Gwaggo Halimatu."

Biron ya tsaya a hannunsa.

"Ta ce a gabanka ta hana shi azumi. A duk makarantar, kai kaɗai ka san zai sha. Kai ka ɗauke gwaji daga Laraba ka kai Alhamis, don kowa ya ce yarinya aka nufa. Makulli a ofishinka yake. Limamin makaranta ya ce a sallar azahar ta ranar, sai a raka'a ta ƙarshe ka shigo sahu."

"Tsohuwa ce, baƙin ciki ya ruɗa ta. Sufeto, ka yi hankali. Ɗiyata ce za ta sha kofin nan. Wane uba ne zai yi haka?"

"Ni ma abin da ya hana ni sukuni ke nan. Shi ya sa ba ka tambaye ta ko ta sha ba, ka riga ka sani." Sufeto ya matso da kujera. "Amma gaya mani, uba da uba. Mutum ya shekara da shekaru yana azumin nan. In da ya tashi ranar ya ji sauƙi, ya ce bari in yi abina a ɓoye, Gwaggo tana Kurfi ba ta gani ba fa? Ya kai kofi kusa da baki, ya miƙa wa Hussaina. Kana ina lokacin? Kana ofis. Wa zai riƙe hannunta?"

"Ba zai yi ba."

"Ka tabbata?"

"Jamalu bai taɓa saɓa wa Gwaggo ba, tun muna yara. In ta ce aje, ya aje. Na san zai shanye, ba ya rage..."

Ya tsaya. Fanka na juyawa a sama. Saja Turai ta ci gaba da rubutu.

Daga nan bai ƙara wahalar da kowa ba. Ya ce in Jamalu ya kai magana Katsina, za a soke cibiyar jarrabawar, shi kuma sunansa ne a kan komai. Ya ce ya roƙe shi, ya haɗa shi da zumunci, ya ƙi. Fiya-fiyar ta gidansa ce, ta sauro. Batula kuwa, ya ce ya ɗauka ƙaramar yarinya ce, za a yi mata sassauci.

"Sassauci," in ji Saja Turai. Ta sa mashi ankwa.

A bakin kanta suka yi kiciɓis da Batula ana fito da ita, uwarta na riƙe da hannunta. Yarinyar ta ga ankwa, ta ga farar shadda, sai ta rusuna don sabo ta ce, "Ina kwana, Malam." Ya kau da kai ya wuce.

Sufeto ya fito ya sha iska. A gindin dalbejiyar ofis ya ga Hussaina tsaye da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. An ce mata babanta ya fita bai karya ba.

"Yallabai, Baba ya gama sa hannun?" ta ce. "Kuma don Allah, ku gaya mani gaskiya. Ni Batula ta so kashewa?"

To jama'a, a nan zan aje. Ga yarinya, ga kwano, ga babanta ana shigar da shi mota ta ƙofar baya. In kai ne Sufeto Rabo, ko ke ce, da wace kalma za ku fara?