Rigar Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Laraba, sha huɗu ga Oktoba, 2015, da ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, Ambrose Sewap ya shiga tsohuwar makarantar kwana ta bakin tafki, inda a da ake tsare 'ya'yan ƙabilar Cree, yanzu kuma ake ajiye takardunsu. Shekararsa saba'in da huɗu. Hassada ce ta kawo shi, shi ma ya sani.

Amininsa Gilbert ya samu takardunsa tuntuni, har da hotonsa yana yaro. Kullum a wurin shan shayi sai ya zaro shi.

"Kai ina naka? Ko a mafarki ka yi makarantar?"

"Da ni ke da kunnuwan nan naka, da na ɓoye hoton," in ji Ambrose.

Aka yi dariya, amma abin na cin sa. Shekara tara ya yi a gidan nan, dūka ɗaya, yunwa ɗaya, amma ko layi guda babu mai sunansa. In jikokinsa sun tambaya, bakinsa kaɗai gare shi.

Delphine, mai kula da takardun, ta sauka da shi ɗakin ƙasa.

"Kaka, sau uku na duba sunanka. Mu gwada lambarka?"

"Arba'in da bakwai."

Ta ajiye masa fayil da ɗan ƙullin taba. "A al'ada, a fara ajiye wa yaran da suka rasu wannan kafin a buɗe." Ta hau sama rufe tagogi.

Bai taɓa tabar ba. Ya buɗe.

Sunan da ke ciki Isidore Ratt ne. Tarin fuka ya kashe shi a Satumbar 1949, watan da aka kawo Ambrose. Sai ya tuna rigar da aka miƙa masa ranar farko, da lamba ɗinke a wuya, gwiwar hannunta ta riga ta siɗe. Lambar mamaci aka ba shi, ba wanda ya damu ya buɗe sabon shafi.

Har da hoto. Yaro siriri, kai a aske.

"Kai ma kana da hoto," Ambrose ya ce a hankali.

Da fensir aka rubuta sunan. A aljihunsa akwai fensir mai magogi. Suna biyu ne kawai zai goge, ya sa nasa. Gobe Gilbert ya gani.

Ya ɗora magogin a kan harafin farko.

Warin kananzir ya cika ɗakin, irin wanda ake zuba musu a ka saboda kwarkwata.

Wani ya yi tari a bayan akwatuna. Ƙaramin tari, jiƙaƙƙe.

"Delphine?"

Sawun ƙafa, babu takalmi. Ɗaya. Biyu. Ya tsaya a bayansa.

Daga sama aka kira lamba, da muryar da ya shekara hamsin da bakwai bai ji ba. "Arba'in da bakwai!"

"Ga ni," bakinsa ya amsa da kansa.

"Ga ni," aka ce a ƙeyarsa.

Ƙananan yatsu suka kama masa wuyan hannu, sanyi kamar ƙarfe. Raɗar da Cree aka yi ta, harshen da ake dukansu a kansa.

"Ka sa rigata. Ka kwana a gadona."

Ƙirjinsa ya toshe.

"Ka koma gida. Ka yi aure. Ka yi furfura."

Ya yi tari, ya ji gishirin jini.

"Har sunan ma za ka ɗauke?"

Fensirin ya faɗi.

Da rarrafe ya hau matakala. A ta ƙarshe Delphine ta same shi, leɓɓansa sun yi shuɗi.

Hannunsa na dama bai ƙara yin ɗumi ba. Bayan sati ya dawo, ya ajiye taba, ya mayar da harafin da ya goge da hannun hagu, a karkace. A taron tunawa da yaran makarantar shi ya miƙe ya karanta sunan Isidore. Takardar Ambrose kuwa ba a taɓa samu ba.

Waɗanda suka rage da za su iya rantsewa ya yi makarantar su uku ne: Gilbert, Philomene Bird, da ta wanke musu riguna, yanzu ba ta gane kowa, da Cyprien, da ke birni, wanda in an ambaci gidan sai ya tashi ya fita.